Muryar Inna Kulu a Bakin Tabki

Cikin shekarun da na yi ina ɗaukar sauti, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da muka kafa kayan aiki a bakin tabkin Madarumfa don ɗaukar fitowa ta ƙarshe a fim ɗin Sanusi Ɗan Tabki. Sunana Lawali. Yawancinku kun tarar da ni a aikin nan, kuma kun san Sanusi a matsayin darakta kawai, don haka bari in ɗan koma baya.

Na san shi tun yana waƙar rap. Ɗan masunci ne, haifaffen Madarumfa, kuma ɗan fari a ɗakinsu. Ya bar gida yana saurayi, ya shigo Maradi da jaka ɗaya a kafaɗa. Lokacin ina aiki a wani ɗan situdiyo bayan kasuwa, ɗaki guda da muka manna wa kwalin ƙwai a bango don kada murya ta yi amo. Nan ya fara zuwa. Siriri ne, idanunsa kamar na wanda bai gama farkawa daga barci ba, ba ya yawan magana. Amma in ya tsaya gaban mikro sai kalmomi su riƙa zuba kamar ana juye gero cikin masaki, ba ɗaya da ke faɗuwa ƙasa. Mahaifinsa, Malam Idi, bai taɓa yarda da sana'ar ba, ya ce roƙo ba gadonsu ba ne. Allah ya yi masa rasuwa Sanusi na can yawon wasa a ƙasashen bakin teku, ko jana'iza bai samu ba.

Waƙar da ta ɗaga shi a kan safiyar da ya bar gida ce. A cikinta ya ba da labarin yadda ya tarar da mahaifiyarsa tsugune a bakin tabki tana wanke gero, ya tsaya bayanta ya yi mata sallama sau uku, ba ta juyo ba. Waƙar ta shiga ko'ina. Masu shayi na sa ta, ƴan kabu-kabu na rera ta, motocin Yamai na tafe da ita. Ni na haɗa sautinta da hannuna, kuma a lokacin ko sau ɗaya ban tuna cewa matar da ake waƙa a kanta tana nan da ranta, tana zuwa kasuwa cikin garin da kowa ya san ta ba.

Bayan wajen shekara goma yana waƙa, maƙogwaronsa ya fara ba shi wahala, likita ya ce ya huta. Cikin hutun nan ya soma shirya wa wasu mawaƙa hotunan waƙoƙinsu, daga nan ya tafi kwas na koyon fim. Da ya dawo ya same ni ya ce, "Lawali, na gaji da faɗa wa mutane abin da na gani. Ina son su gani da idonsu. Ka zo mu tafi tare." Muka yi gajerun finafinai, ɗaya a kan mata masu lambu, ɗaya a kan direbobin da ke kwana a kan iyaka suna jiran takarda. Sannan ya ce lokaci ya yi da zai yi dogon fim a kan rayuwarsa, da sunayen mutane a canje.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: darakta shi ke da magana ta ƙarshe a wurin ɗauka. Mai kamara, wanda a wannan aikin Mamman ne, shi ke da hoto. Ni ke da sauti. Mikro iri biyu muke amfani da su. Akwai babba da ake ɗaurawa a kan doguwar sanda a riƙe bisa kan ƴan wasa, akwai kuma ƙarami, bai fi ƙwayar wake ba, da ake maƙala wa ɗan wasa cikin riga. Shi ƙaramin ba ya da waya, ta iska yake aiko da murya zuwa na'urata, ni kuma in ji ta cikin kas, wato abin sauraren da ke kunnena. In komai ya shirya sai darakta ya ce "silans", in kunna na'ura, ya ce "aksiyon", a yi wasa, ya ce "kupe", a tsaya. Bayan an gama kowace fitowa kuma nakan ɗauki abin da muke kira sautin wuri, wato ƙarar wurin shi kaɗai ba maganar kowa, don mai haɗa fim ya samu abin da zai cike giɓi da shi.

Lokacin kaka ne, ruwan sama ya ɗauke, tabki ya cika maƙil. Mun yi sati uku a garin, da takardar izini daga meri, wato ofishin magajin gari, sarkin ruwa kuma ya sa masunta sun bar mana wani yanki na gaɓa. Kamarar aro ce daga Yamai, kuma dole ta bi motar ƙarfe takwas na safiyar Alhamis, don wani aiki na jiran ta. Larabar nan ke nan ita ce ranarmu ta ƙarshe, kuma fitowar da ta rage ita ce ta bankwana, wadda Sanusi ya yi ta ɗagawa tun farkon aiki.

Mun isa bayan sallar asuba. Ban taɓa ganin tabkin kamar yadda yake a safiyar nan ba. Wani farin tururi ya kwanta bisa ruwa, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Itatuwan da ruwa ya ci gindinsu sun tsaya kamar mutane cikin sahu. Can nesa wani jirgi na tafiya, ba a ganin jirgin, sai mutumin kawai, kamar yana yawo a kan gajimare. Furen bado bai gama buɗewa ba. Mamman ya kafa kamara.

Rakiya ce ta fito a matsayin uwar. Ƙwararriyar ƴar wasa ce, haifaffiyar birnin Maradi. Bashir ya fito a matsayin saurayin. Sanusi ya tsugunar da Rakiya a bakin ruwa da ƙwaryar gero, ya ja layi a ƙasa bayanta inda Bashir zai tsaya. Ya ce mata, "In ya yi sallama, hannunki ya tsaya cak. Ki taurare bayanki. Kada ki juya, ko me ya ce." Na maƙala mata ƙaramin mikro a wuyan riga, muka fara. Sau biyar muka ɗauka. Duk lokacin da ya ce "kupe" sai ya je ya duba hoton, ya daɗe, ya ce, "Mu sake." Mamman ya tambaye shi abin da bai yi ba. Ya ce, "Komai ya yi. Haka na gan shi. Amma mu sake."

Wajen ƙarfe tara sai ga wata tsohuwa ta biyo gaɓa da kwando a kai, ta tsaya ƙarƙashin gawo tana kallon mu. Inna Kulu ce, mahaifiyarsa. Hanyar lambunta ba ta nan ba ce, kuma duk satin nan uku ba ta taɓa leƙo wurin aikinmu ba. Sanusi ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Na sha ganin gaisuwarsu. Ya gina mata ɗaki, ba ta rasa komai ba, amma in sun haɗu kamar maƙwabta suke: ina kwana, ina gajiya, lahiya lau, shi ke nan. Ya tashi ya ce a huta minti ashirin, ya ja Mamman suka bi gaɓa, wai za su nemi wani wurin kafa kamara. Na san gudu ne yake yi.

Da wurin ya yi tsit sai na ce bari in ɗauki sautin wuri. Na kafa babban mikro yana fuskantar ruwa, na koma gindin wata kanya na zauna, na kunna na'ura, na lumshe ido. Wanda bai taɓa sa kas a bakin tabki ba ba zai gane ba. Ina jin ruwa na lasar cikin jirage. Ina jin kirinjijiya, agwagin ruwan nan, suna fito a tsallake, da wani masunci yana jan koma yana magana shi kaɗai. Can cikin gari wata mata na daka, taɓaryar na sauka a hankali kamar bugun zuciya. Na tafi, kamar wanda barci ya fara ɗauka.

Sai na ji murya dab da kunnena.

"Ɗiyata, ba haka ake rege gero ba. Kawo nan."

Na buɗe ido. Can a bakin ruwa, nisan da ba za a ji magana ba, Inna Kulu ta aje kwandonta ta tsuguna kusa da Rakiya. Na manta ban rage mikron da ke wuyan Rakiya ba. Ita ma ta manta yana jikinta.

Rakiya ta yi dariya ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni ƴar birni ce."

Na ji ƙwarya na juyawa, gero na motsi cikin ruwa. Tsohuwar ta ce, "Ke ce ni?"

"Ni ce, Inna."

"Mi ya ce ki yi?"

"Ya ce in yaron ya yi sallama in tsaida hannu, kada in juya. Ya ce fushi kike."

A nan ya kamata in cire kas in kashe na'ura. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Hannuna na kan maɓallin, ban murɗa ba.

Sai tsohuwar ta ce, "Hannun ya tsaya, gaskiya ya hwaɗi. Amma ba hushi ba ne. Tsaida shi na yi don ruwa ya kwanta. Dubi nan gabanki. In ruwa ya kwanta, duk wanda ya tsaya bayanki kina ganin shi. Ina kallon shi, ɗiyata. Na ga jakar, na ga rigar ubanshi da ya ɗauka ya sa, ta yi mishi yawa. Na ga bakinshi na rawa. Sau uku ya yi sallama, sau uku na amsa cikin raina."

Rakiya ta ce a hankali, "To me ya hana ki juya?"

"In na juya ya ga huskata, ba ya tahiya. Na san shi. Zai aje jakar ya ɗauki koma ya bi ubanshi, ya mutu a tsaye cikin garin nan. Tun yana goye in ina daka yake amsa mini. Ni na san ba masunci na haihwa ba. Sai na bar shi ya tahi da hushi, don hushi na da ƙahwa, tausayi ba ya da ita. Ina kallo har kanshi ya hita daga cikin ruwan, sai sama ta rage."

"Kuma duk shekarun nan ba ki faɗa masa ba?"

"Ɗan hwari ne. Sunanshi ma ban taɓa kamawa ba, sai wannan magana? Kuma kahin in yi dabara waƙar ta hito. Na hwara jin ta a rediyon maƙwabta. In na shiga kasuwa mata su yi shiru, in na wuce yara su ɗauka. Shekara biyu ban je biki ba. Amma muryar ta yi daɗi. Ina bayan darni nake saurare, in ji ta har ƙarshe."

Na dubi na'ura, jar wutar na nan a kunne. Minti shida da ɗoriya. Na kashe.

Ba zan ɓoye muku abin da ya zo mini a rai ba. A duk aikina ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba. Muryar ta fito tas, ruwa na motsi a ƙarƙashinta, tsuntsaye a bayanta, kamar da gangan aka shirya. Na san in na miƙa wa Sanusi a asirce, fim ɗinsa ya gama haɗuwa, ni ma sunana zai tafi tare da shi. Na kuma san in na goge na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, kuma zai ci gaba da ɗaukar fitowar da ba daidai ba, ya sake nuna wa duniya bayan mahaifiyarsa. Duka biyun ba hurumina ba ne. Maganar tana da mai ita, ga ta can tsugune.

Na rataya na'ura na taka har wurinsu, na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, na yi laifi. Akwai abin ɗaukar magana a wuyan rigar Rakiya, ban kashe ba. Duk abin da kuka faɗa na ji, kuma ya shiga cikin na'urar nan."

Rakiya ta kai hannu wuyanta, ta ciro mikron ta aje shi bisa gwiwata. Ta ce, "Lawali, ashe haka kake yi mana? Shekara nawa kana maƙala mini abin nan?" Na ce ban taɓa yi ba sai yau, amma ba ni da shaidar da zan ba ta. Ta kau da kai.

Inna Kulu ta ɗauki mikron ta juya shi a tafin hannunta. Ta ce, "Wannan ɗan abin?" Na ce shi. Na ce in ta ce a goge, yanzu a gabanta zan goge, kuma bakina ba zai taɓa faɗa ba. Ta ce, "Ana iya ji?" Na ɗora mata kas bisa ɗankwali, na kunna. Da ƙarar tabki ta shiga kunnenta sai ta waiwaya hagu da dama tana neman tsuntsayen. Da muryarta ta fara, ta kai hannu ta rufe baki. Ta saurara har ƙarshe, idonta a kan ruwa. Da na cire mata ta ce, "Ashe na tsuhwa."

Sannan ta ce, "Sa mishi."

Na ce, "Inna, da kin faɗa masa da kanki."

"Bakina bai iyawa. Tunda abinku ya iya, sa mishi."

Na ɗaga wa Sanusi hannu. Ya iso yana duba agogo ya ce, "Lawali, rana na tafiya. Matsala ce a sauti?" Na ce, "Darakta, saurara dai." Na ba shi kas, na kunna.

A tsaye ya fara ji. Da aka kai wani wuri sai ya nemi wani jirgi da aka kifa a gaɓa ya zauna. Ba na jin abin da yake ji, amma na san kowace kalma, ina karanta ta a fuskarsa. Inna Kulu ta koma ta tsuguna inda take, ta ba mu baya, tana ƙarasa rege geron da ba wanda zai ci. Da ya ƙare bai cire kas ɗin ba. Sannan ya tashi ya je ya tsaya a kan layin da ya ja wa Bashir, dab da bayanta, ya leƙa ruwan. Amma hantsi ya yi, iska ta taso, ruwan na ta karyewa, ba abin da ake gani sai walƙiyar rana.

Ya ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "Ina za ka sani, kana yaro."

"Ki yafe mini."

"Je ka yi aikinka, mutane na jira." Ta ɗauraye hannu, ta ɗauki kwandonta ta bi gaɓa.

Sanusi ya kira Mamman ya ce ba bayan Rakiya yake so ba yanzu, ruwan da ke gabanta yake so, da Bashir a cikinsa. Mamman ya dubi tabkin ya ce iskar nan ba ta kwanciya sai asubar gobe, ga kuma motar ƙarfe takwas. In ruwa bai kwanta ba gobe, sai mu koma da fitowar da muka ɗauka yau. Sanusi ya ce, "Wannan ba ta shiga fim ɗina, ko da fim ɗin zai fita ba ƙarshe." Ya sallami kowa.

Bayan la'asar ya same ni a masaukinmu ina goge kaya. Ya zauna ya ce, "Na ga ƙarshen fim ɗin, Lawali. Ruwa, yaron a ciki, muryarta a kai. Ba kiɗa, ba komai. Ka kwafe mini shi wuri biyu, kada ya ɓata."

Na ce, "Ta ce in sa maka ka ji. Ba ta ce in ba ka ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Ni ne darakta. Duk abin da aka ɗauka a wurin aikina nawa ne." Kuma a tsarin sana'a gaskiya ya faɗa, haka yake a takardar da na sa wa hannu. Na ce masa wannan ba don fim aka ɗauke shi ba, kuskurena ne ya ɗauko shi, kuma na yi mata alkawari. Na ce, "Sanusi, mun yi mata sau ɗaya da waƙa ba mu tambaye ta ba, ni da kai. Ba zan yi na biyu ba. In ka ga dama ka sallame ni, amma mu je mu tambaye ta tukuna." Tun da muke tare bai taɓa yi mini irin kallon da ya yi mini ba. Ya tashi ya fita. Na ɗauka aikina da shi ya ƙare. Jim kaɗan ya leƙo ya ce, "Ɗauko na'urar."

Mun tarar da ita tsakar gida tana tsinke zogale. Ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali. Ya ce yana son duk wanda ya ji waccan waƙar ya ji wannan ma, daga bakinta, don a wanke ta a idon gari. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Gari ya riga ya ci ya shanye. Ba da gari na yi ba. Ka nuna ruwanka, mai ido ya gani. Muryata ba ta shiga kasuwa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To a bar mini ni kaɗai. Ba mai ji. In ina Yamai in riƙa saurare."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Ta ce, "Ina nan da raina. Mai son ji ya zo gida."

Ya juyo ya ce mini, "Goge." Na fito da na'ura, na nuna musu lambar ɗaukar, na danna. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na sake dannawa. Tare da muryar sautin tabkin nan na safe ya tafi, don a ɗauka ɗaya suke. Na gaishe ta na fito. Shi bai fito ba, na bar shi zaune a bakin tabarma ya jawo reshen zogale.

Alhamis tun da duhun asuba muna gaɓa. Da na zo maƙala wa Rakiya mikro sai ta ja baya. Na nuna mata maɓallin da ke kan ƴar akwatin da ake ɗaura mata a ƙugu, na ce daga yau ita za ta riƙa kunnawa da kashewa da hannunta. Ta gwada sau biyu tana kallon na'urata, sannan ta yarda. Mamman ya hau bisa wani benci ya karkato kamara ta kan kafaɗarta. Gari ya fara wayewa, amma wata ƴar iska na shafar ruwan, fuskar Bashir na zuwa tana watsewa. Muka jira. Ƙarfe shida da rabi, ƙarfe bakwai saura. Direban da zai kai kamara tasha ya tada mota ya kashe, ya sake tadawa.

Ni na fara sani, don a kunne na ji. Ganyen gawo ya daina motsi. Na ɗaga wa Sanusi yatsa. Bai ce "aksiyon" ba, hannu kawai ya sauke. Rakiya na juya ƙwarya, ruwa na zagaye. Bashir ya zo ya tsaya, ya yi sallama. Hannunta ya tsaya. Zagayen ruwan ya yi ta faɗi yana tafiya, yana tafiya, har ya mutu, sai ga yaron ya fito a cikin ruwa, da jakarsa, da babbar rigarsa, sama na bayansa. Ya sake sallama. Wata balbela ta gitta ta cikin hoton, ta ƙarƙashin ruwa kamar kifi. Ya yi ta uku. Sannan ya juya, kafaɗarsa ta fita, kansa ya fita. Sanusi ya bar kamara na tafiya, ba kowa a ruwan. A cikin kas ina jin numfashin Rakiya na rawa. Ya daɗe kafin ya ce "kupe", kuma a hankali ya faɗa. Ɗauka ɗaya muka yi. Kamara ta samu motarta da ƙyar.

Fim ɗin ya fita, kun gan shi. Masu kallo da yawa suna cewa dabarar ruwan nan ita ce ta nuna Sanusi ya zama darakta, shi kuma yakan yi murmushi kawai. Bai ƙara rera waccan waƙar ba, ko an roƙe shi. Tsakanin aiki da aiki Madarumfa yake komawa, ya yi sati. Abin da suke faɗa shi da Inna Kulu ban sani ba. Inna ce da kanta, shekarun baya, ta ce in na ga dama in ba masu koyon aikina labarin, tunda bakina ne zai faɗa ba na'ura ba. Shi ya sa kuke ji yau.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mutumin da ya bari ka maƙala masa mikro a ƙirji ya ba ka amana, don cikin minti biyar zai manta yana nan, kai kuma ba ka da izinin mantawa. Da zarar an ce "kupe" ka rage shi, kafin ka sha ruwa, kafin ka amsa kiran kowa. In ka yi kuskure ka ji abin da ba naka ba, ka tashi ka je wurin mai maganar, ba wurin darakta ba, komai kyan abin da ka ɗauko. Kuma ku da za ku zama daraktoci, mafi yawanku da labarin gidanku za ku fara, haka kowa ke farawa. Ba laifi ba ne. Sai dai mutanen da ke cikin labarin su ma suna wurin ranar da abin ya faru, kuma kowannensu da inda ya tsaya. Ku je ku tambaye su tun suna raye.